Bashir Tofa: kasuwa ce ta yi asarar ɗanta, ko mu ne ba mu yi masa adalci ba?

Ɗan_Kwarbai:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan la'asar muna zaune a ƙofar shagon wani abokina a Sabon Garin Zariya sai zancen marigayi Alhaji Bashir Tofa ya taso. Mu kusan takwas ne a wurin, amma babu wanda ya iya faɗin komai a kansa in ban da cewa shi ne ya yi takarar shugaban ƙasa da Abiola a zaɓen 12 ga Yuni, 1993, wanda aka soke. Abin ya tsaya mini a rai har na kwanta. Mutum ya yi shekara 74 a duniya, ya yi kasuwanci, ya yi kansila, ya shiga majalisar tsara tsarin mulki, ya riƙe lissafin kuɗin jam'iyyar da ke mulkin ƙasa, ya rubuta littattafai da Hausa, amma mun dunƙule rayuwarsa gaba ɗaya a rana ɗaya. Tambayata biyu ce. Shin shigarsa siyasa ta ƙara masa ko ta rage masa? Sannan wannan suna da ake ba shi na ɗan ra'ayin mazan jiya, ya dace da shi kuwa, ko dai don ya tsaya a jam'iyyar NRC ne kawai? Ni ina ganin ba mu yi masa adalci ba.

AbuHanifa_Gyallesu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa da rahama. Gaskiya ni ma abin da na sani ke nan, shi ya sa zan zauna in saurari manya.

Malam_Kongo:
Bari in shimfiɗa tarihin a taƙaice don mu san a kan me muke magana. An haife shi a Kano ranar 20 ga Yuni, 1947. Bayan ya gama sakandare ya yi ɗan aiki a kamfanin inshora, daga nan ya tafi Landan ya yi karatu a farkon shekarun 1970. Da ya dawo ya kama kasuwanci. A 1976, lokacin da gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, ya zama kansila a Dawakin Tofa, a 1977 kuma ya shiga majalisar da ta tattauna tsarin mulkin Jamhuriya ta Biyu. A NPN, jam'iyyar Shagari, ya yi sakatare a Kano, daga baya ya zama sakataren kuɗi na ƙasa. Ku lura da shekarun: bai kai talatin ba ya zama kansila. Don haka masu cewa attajiri ne da ya tara kuɗi sannan ya sayi takara da rana tsaka, lissafinsu bai fita ba. Kasuwancin da siyasar tare suka taso.

Bakano_a_Samaru:
Malam_Kongo ya faɗi gaskiya. Ina so in ƙara abu ɗaya da ku Zazzagawa ba lallai ku ji nauyinsa ba. Yin NPN a Kano a 1979 ba ƙaramin abu ba ne. Gari ne na Malam Aminu Kano, jam'iyyarsa PRP ce ko'ina, Abubakar Rimi ne gwamna. Matashin da ke neman farin jini a wancan lokacin mukullin PRP zai ɗauka, ba gida da masarar NPN ba. Shi kuwa ya zaɓi ɓangaren da ya san ba shi da kasuwa a garinsu, ya kuma zauna a ciki. Ko ba ka son ra'ayinsa, wannan tsayuwa ce.

Jikan_Sawaba:
Tsayuwa a kan me? Mu daina shafa wa abu mai. NPN jam'iyyar sarakuna ce da attajirai da 'yan kwangila, gadon NPC ce kai tsaye. Ɗan kasuwa mai neman lasin shigo da kaya da kwangilar gwamnatin tarayya ina zai dosa in ba can ba? Kano tana hannun PRP, amma gwamnatin tarayya a Legas tana hannun NPN, kuma a Legas tukunyar take. Mu nan jihar Kaduna mun ga aikinsu. Talakawa suka zaɓi Balarabe Musa a 1979, majalisar da NPN ta fi rinjaye a ciki ta ƙi amince masa da kwamishina ko ɗaya, ƙarshe ta tsige shi a Yunin 1981. Kakana ɗan NEPU ne a Sabon Gari, ya sha ɗauri tun zamanin En'e. A gidanmu ba a koya mana cewa waɗannan mutanen suna da wata aƙida ba in ban da kare abin da ke hannunsu.

Malam_Kongo:
Jikan_Sawaba, tsige Balarabe gaskiya ne, kuma tabo ne a tarihin jiharmu. Sai dai aikin majalisar Kaduna ne, shi kuwa mutumin da muke magana a kansa Bakano ne kuma ba ɗan majalisar ba ne. Kada mu ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Jikan_Sawaba:
Na yarda ba shi ya kaɗa ƙuri'ar ba, Malam. Amma wanda ya riƙe asusun gida ba zai ce bai san abin da ake dafawa ba.

Baba_TudunWada:
Yara ku ba ni wuri in yi magana, don ni na yi zaɓen da hannuna. A 1993 ina da shekara 34, ina sayar da kayan gyaran keke da babur a Tudun Wada. Abin da ya kamata ku fara sani shi ne jam'iyyun nan biyu ba mutane ne suka kafa su ba. Babangida ne a 1989 ya watsar da ƙungiyoyin da 'yan siyasa suka kawo, ya ce ga SDP ga NRC, ɗaya ta ɗan karkata hagu, ɗaya ta ɗan karkata dama. Gwamnati ta rubuta musu manufa, ta gina musu ofis a kowace ƙaramar hukuma, ta ba su kuɗi. Mu a kasuwa ba mu san wani hagu da dama ba. Dokin SDP da tsuntsun NRC muka sani. In maigidanka yana doki kana doki, in yana tsuntsu kana tsuntsu. Ni tsuntsu na yi, saboda wanda ya ba ni jari na farko ɗan NPN ne tun asali, kuma duk tsofaffin NPN na unguwarmu can suka koma.

Abu na biyu, Alhaji Bashir ba shi ne muke jira ba. A 1992 sunayen da ke bakin kowa a NRC su ne Malam Adamu Ciroma da Alhaji Umaru Shinkafi, a SDP kuma Janar Shehu Musa 'Yar'adua. Aka soke zaɓen fidda gwanin nan, aka hana su duka tsayawa. Bayan an share manyan ne aka kawo tsarin da ake fara takara daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa. A haka ya fito a taron Fatakwal, Abiola kuma ya fito a Jos. Wallahi ranar da aka sanar, mutane da yawa a layinmu tambaya suke yi, wane ne shi? Wata uku ba su cika ba tsakanin fitowarsa da zaɓe. Abiola kuwa ya yi shekaru yana gina masallatai da makarantu, yana zuwa duk wata gidauniya da aka kira shi a Arewa. Sunansa ya riga shi shiga kowane gida.

Ummu_Khalil:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan bayani ban taɓa jin sa haka ba. Mu a makaranta cewa kawai aka yi an soke zaɓe.

Sadiq_PZ:
Baba_TudunWada, wai da gaske ne layi kuka yi a bayan hoton ɗan takara aka ƙirga ku? Haka nake ji ana faɗa, har ana cewa shi ya sa ba a yi maguɗi ba.

Baba_TudunWada:
A'a ɗana, an haɗa abu biyu ne. Bin layi a bayan hoto mun yi shi a zaɓukan baya, irin na ƙananan hukumomi da na gwamna a 1991, wanda Alhaji Dabo Lere na NRC ya ci a nan Kaduna. Ranar 12 ga Yuni kuwa an tantance mu da safe, aka ba mu takarda muka dangwala, muka jefa a akwati a gaban kowa, aka ƙirga nan take. Ranar Asabar ce. Babu faɗa, babu sara, kowa ya koma gida lafiya.

Malam_Kongo:
Tunda an zo kan alƙaluma: abin da aka tattara ya nuna Abiola ya samu ƙuri'a sama da miliyan 8, kusan kashi 58 cikin ɗari, Tofa kuma kusan miliyan 6. A jihohi 30 na lokacin Tofa ya ci 11, cikinsu akwai Sakkwato da Kabi da Katsina da Neja da Bauchi, da kuma Imo da Inugu da Ribas. Abiola ya ci Kano, ya ci Kaduna, alhali duka biyun gwamnonin NRC ne ke kansu. Gwamnatin soja ta soke zaɓen ranar 23 ga Yuni kafin hukumar Farfesa Humphrey Nwosu ta gama sanarwa. Abin da nake so Jikan_Sawaba ya duba shi ne wannan: Abiola ma ɗan NPN ne har zuwa 1982, attajiri ne da ya fi Tofa dukiya nesa ba kusa ba. Ke nan attajirai biyu ne daga gida ɗaya, aka ba ɗaya rigar masu neman sauyi, ɗaya rigar 'yan mazan jiya. In rigar ce hujja, to hujjar ba ta da ƙarfi.

Jikan_Sawaba:
Wannan na karɓa, kuma shi ya fi ba ni takaici. Talaka bai da ɗan takara a zaɓen nan. Amma a SDP aƙalla akwai su Rimi da Sule Lamido da sauran 'ya'yan gidan Malam, su suka juya Kano da Jigawa. A NRC wa talaka zai duba ya ga nasa?

Hajiya_Hanwa:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata zancen, don tambayar farko ta Ɗan_Kwarbai ta taɓa ni a jiki. Ni ban san Alhaji Bashir ba sai a rediyo, amma na san abin da siyasa ke yi wa ɗan kasuwa, don a ɗakina aka yi. Maigidana yana da shago biyu na atamfa da shadda, yana sarin kaya daga Kantin Kwari, muna cikin rufin asiri. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa suna cewa Alhaji kai ne kake taimakonmu, ka fito kansila. Ya fito. Daga ranar da aka liƙa fastarsa gidanmu ya zama kasuwa. Mai haihuwa, mai mara lafiya, mai kuɗin makaranta, masu ƙwallo, masu kiɗa, ga deliget kowa da farashinsa. Shago ɗaya ya tafi kafin zaɓen fidda gwani. Ranar zaɓen kuma aka ce an yi sasanci daga sama, aka ba wani. Shekara shida muna biyan bashin 'yan Kwari. Waɗanda suka ce ya fito ko gaisuwa ba su dawo yi ba. Abin da na fahimta, a kasuwa in ka ba da kuɗi kaya kake karɓa, ka san uwa ka san riba. A siyasa alkawari kake saya, shi kuwa ba ya da rasit. Don haka duk ɗan kasuwar da ya shiga ya fito da mutuncinsa da gidansa a tsaye, ni ina ganin ƙoƙarinsa.

Ummu_Khalil:
Allah sarki Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Irin wannan ya faru da ƙanin mahaifina, shi motocin haya uku ya sayar.

Alhaji_Dogarawa:
Hajiya, Allah ya saka wa maigida da mafificin abin da ya rasa. Amma ina da ja kaɗan. In duk mai sana'a ya ce ba zai shiga ba, wa za a bar wa? Sai wanda bai taɓa biyan albashin yaro ɗaya ba, bai san yadda ake tashi da asuba a nemi halak ba, siyasar ce gonarsa kuma ita ce shagonsa. Irin wannan in ya faɗi zaɓe yunwa ce, shi ya sa zai yi komai don kada ya faɗi. Ni ina sayar da taki da maganin feshi shekara ashirin da biyar. Na san abin da canjin dala ke yi wa manomin Giwa da Soba kafin wani ɗan majalisa ya sani. Ɗan kasuwa yana da inda zai koma, kuma wannan kariya ce. Ku duba shi Alhaji Bashir, bayan 1993 ai bai bi gwamnatoci yana roƙon muƙami ba, harkokinsa ya koma.

Jikan_Sawaba:
Alhaji, ɗan kasuwa iri biyu ne. Akwai irinku da ke jiran mai saye a shago, akwai kuma wanda gwamnati ce kaɗai kwastomansa. Na biyun in ya shiga siyasa ba barin kasuwa ya yi ba, reshe ya buɗe. A Jamhuriya ta Biyu takardar lasin shigo da kaya ita kanta haja ce, ana samunta ta hanyar jam'iyya a sayar wa mai bukata. Shinkafa ma sai da aka kafa mata kwamiti na musamman a ƙarƙashin Alhaji Umaru Dikko. Ban ce kowa ya ci ba, amma tsarin haka yake, kuma shi ya sa nake ɗari-ɗari da duk attajirin da ya ce don talaka ya fito.

Alhaji_Dogarawa:
To ai ka ga ka raba da kanka. Sai a riƙa duba mutum, a daina yi wa 'yan kasuwa kuɗin goro.

Ɗan_Kwarbai:
Jama'a mun yi nisa. Ina so mu dawo kan tambaya ta biyu. In muka ajiye rigar NRC gefe kamar yadda Malam_Kongo ya ce, akwai wani abu a rayuwarsa da ke nuna shi mai ra'ayin riƙau ne da gaske?

Bakano_a_Samaru:
Akwai, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya fi fitowa. A 2019 da gwamnatin Ganduje ta raba masarautar Kano ta ƙirƙiro Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, shi ne ya jagoranci dattawan da suka fito fili suka ce ba su yarda ba, har maganar ta kai kotu. Lokacin ya haura saba'in, ba takara yake nema ba, ba kwangila ba, kuma ya san faɗa da gwamna mai ci ba riba a ciki. Hujjarsu ita ce abin da aka gada ɗaruruwan shekaru ba a rusa shi cikin 'yan kwanaki saboda saɓanin mutum biyu, gwamna da Sarki Sanusi. To wannan ai shi ne ainihin ra'ayin mazan jiya: a riƙe abin da aka tarar, in za a gyara a gyara a hankali. Kana iya cewa mutanen Rano da Gaya suna da tasu hujjar ta tarihi, kuma suna da ita. Amma ba za ka ce mutumin bai da abin da ya yi imani da shi ba.

Malama_Wusasa:
Ni ta wata ƙofa na san shi. Ina koyar da Hausa a sakandare, kuma kafin in san ya yi takarar shugaban ƙasa na san shi a matsayin marubuci. Akwai littafinsa Tunaninka Kamanninka, akwai kuma wanda ya yi kan kimiyyar sararin samaniya, duk da Hausa. Ku tsaya ku yi tunani. Mutum ya yi karatu a Landan, yana da Turancin da zai rubuta abin da manyan Legas za su yaba, amma ya zauna yana neman kalmar da zai bayyana wa Bahaushe taurari da duniyoyi. Wanda ya taɓa gwada fassara darasin kimiyya aji ɗaya ya san wahalar wannan. Kuma mu a Zariya ya kamata mu fi kowa ganin girman abin, tunda a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan kamfanin Gaskiya yake, a nan aka raini rubutun boko na Hausa. Attajiranmu nawa ne suka rubuta ko shafi goma da harshen uwarsu? In riƙo da harshe da addini da al'ada shi ne mazan jiya, to ya cancanci sunan, kuma ni a wurina ba zagi ba ne.

Sadiq_PZ:
Malama, a ina ake samun littattafan? Na duba shagunan bakin Kongo ban gani ba.

Malama_Wusasa:
Nawa a Kano na saya da daɗewa. Ka gwada masu littattafan Hausa na Sabon Gari, ko ɗakin karatu na sashen harsuna a Samaru in kana da wanda zai shigar da kai.

Nura_Palladan:
Ni dai akwai abin da ke damuna, kuma ban ga wanda ya taɓo shi ba. Me ya sa bai fito ya taya Abiola murna ba? Ya ga alƙaluma, ya ga har Kano ta tafi. Da ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce na faɗi, a ba mai shi, da sojoji sun rasa abin fakewa. Wataƙila da ba a yi gwamnatin riƙo ta Shonekan ba, da Abacha bai karɓa a Nuwamba ba, da Abiola bai mutu a tsare a 1998 ba. Dama ce ta zama babban mutum a tarihi, ta wuce shi. Goodluck ya yi haka a 2015 da kiran waya ɗaya, har yau ana ambatonsa da shi.

Baba_TudunWada:
Nura, wannan tambayar mu ma mun yi ta a lokacin, cikinmu 'yan tsuntsu. Ni kaina na so ya yi hakan, kuma har yau ina ganin da ya yi da ya fi masa. Amma ka sani ba shi kaɗai ba ne. Shugabannin SDP ɗin kansu sun zauna an yi maganar gwamnatin riƙo da su. Wanda ya tsaya wa Abiola mataimaki, Babagana Kingibe, ya karɓi ministan harkokin waje a gwamnatin Abacha. In 'yan gida sun saki, ba abin mamaki ba ne abokin hamayya ya ƙi riƙewa. Shi matsayinsa shi ne ba a kammala sanar da sakamako ba, don haka babu wanda aka bayyana ya ci. Ban ce na gamsu ba, ina dai faɗa maka yadda aka yi.

Nura_Palladan:
Na gode Baba. Amma laifin wasu ba ya wanke na wani.

Malam_Kongo:
Haka ne, kuma ina ganin a nan ne amsar tambayar Ɗan_Kwarbai ta farko take. Abin da ya rage masa ba faɗuwa zaɓe ba ne, kowa yana faɗuwa. Buhari sau uku ya faɗi. Abin da ya rage masa shi ne zaɓen ya zama alama, kuma a labarin alamar an riga an ba shi matsayin wanda ke ɗaya gefen. Da gwamnatin Buhari ta mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya a 2018 ta kuma ba Abiola lambar girmamawa ta GCFR, sai labarin ya ƙara kafuwa. Kowace shekara za a ambaci sunansa, amma a jimlar wani. Wani abin da ake mantawa kuma: shi ne ya ɗauki mataimaki Kirista ɗan ƙabilar Ibo, Dokta Sylvester Ugoh, yayin da SDP ta tsayar da Musulmi biyu. Wanda ake kira ɗan mazan jiya shi ya bi tsohuwar ƙa'idar raba daidai tsakanin Kudu da Arewa da addinai biyu. Wannan ma riƙau ne, irin na NPN.

Jikan_Sawaba:
Malam, lissafin ƙuri'a ne, ba aƙida ba. Ƙawancen Arewa da Gabas tun zamanin Sardauna da Zik ake yin sa, Shagari ma da Ekwueme ya tafi.

Malam_Kongo:
To ai abin da na ce ke nan, ya bi hanyar da ya tarar.

Ummu_Khalil:
Tambaya daga gefe: bayan 1993 bai sake neman komai ba?

Bakano_a_Samaru:
Ya sake. Yana cikin dattawan ANPP, kuma ya nemi tikitin shugaban ƙasa a jam'iyyar gabanin zaɓen 2011, Malam Ibrahim Shekarau ya samu. Daga nan ya fi zama dattijo mai faɗa a ji, yana magana kan tsaro da halin da Arewa ke ciki. Ya rasu ranar 3 ga Janairu, 2022. Na je jana'izar, don gidanmu ba nisa da Gandun Albasa. Abin da na gani da idona shi ne mutanen da ba sa ga maciji da juna a siyasar Kano sun tsaya sahu ɗaya.

Hajiya_Hanwa:
Allah ya gafarta masa. Alhaji_Dogarawa, na karanta amsarka, kuma ban ƙi ta ba. Sai dai in za ka fito takara wata rana, don Allah ka fara zama da uwargida ku ware abin da ba za a taɓa ba ko da wuta ake yi. Mu ba mu yi haka ba.

Alhaji_Dogarawa:
Hajiya, an zo mini sau biyu, na ce a'a. Amma duk lokacin da na bi hanyar Dogarawa da damina na ga yadda ruwa ke cin gidajen mutane, sai in ji kamar ƙin da na yi ma akwai alhaki a ciki.

Ɗan_Kwarbai:
Na ƙaru ƙwarai. Har yanzu ina kan bakata cewa an tauye shi, ko da yake maganar Nura ta shige ni, ban kuma da amsarta. Baba_TudunWada, abu ɗaya ya rage mini. Kai da ka dangwala wa tsuntsu, da za a mayar da kai safiyar Asabar ɗin nan da abin da ka sani yanzu, ina za ka sa yatsa?

Baba_TudunWada:
Ɗana, wannan tambaya ta yi nauyi. Maigidan nan da ya ba ni jari ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma da yana raye ba zan iya kallon idonsa in ce na bar layinsa ba. A rumfarmu doki ne ya ci, da ƙuri'a kaɗan. Ejan ɗin SDP maƙwabcina ne, tela, tare muka tako zuwa gida yana ta murna ina ta shiru, da magariba kuma ya aiko mini da tuwo. Kwana goma sha ɗaya bayan nan muna zaune a shagonsa muka ji a rediyo an soke. Ya kashe keken ɗinki, ni ma na kasa cewa komai, don ban ji daɗin ba ko kaɗan, alhali ɗan takarata ne aka ce bai faɗi ba. Bari in je masallaci, an kira isha'i. In na dawo zan ba ku labarin yadda Inyamuran layinmu suka riƙa rufe shaguna suna tafiya gida a watan Agusta na shekarar, da wanda ya bar mini mukullin shagonsa.